Bangaza a wasan hoki na ƙanƙara: tambayoyi da amsoshi kan doka, rauni da mutunta abokin karawa

Duk wanda ya fara kallon hoki na ƙanƙara, ko a talabijin ko a wani filin unguwa a Kanada ko Amurka, abin da ke fara ɗaga masa hankali shi ne yadda ƙato zai taho da gudu ya haɗa wani da katanga, gilashi ya girgiza, alƙalin wasa kuma bai ko ɗaga hannu ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sabon mai kallo ke yi, da kuma iyayen da ɗansu ya dawo daga makaranta ya ce shi ma zai shiga.

Mece ce bangaza, kuma me ya sa doka ta yarda da ita?

Ana buga wasan ne da mutum shida a kowane ɓangare: mai tsaron gida ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Abin da ake kora da sanda wani faifan roba ne mai tauri, nauyinsa kusan giram 170, kuma daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Filin gasar NHL, babbar gasar Amurka da Kanada, tsawonsa mita 61 ne, faɗinsa 26, an kewaye shi da katanga mai tsayin mita ɗaya da 'yan kai, da gilashi a samanta. Ba layin gefe da mutum zai fice ya tsira. Wanda ke riƙe da faifan yana iya gudun da ya haura kilomita 30 a awa, don haka ƙwace shi da sanda kaɗai ba ƙaramin aiki ba ne.

Bangaza ita ce ka sa kafaɗa ko ƙugu ko ƙirji ka ture wanda faifan ke hannunsa domin ka raba shi da faifan. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san kafaɗa da kafaɗa da alƙali ke ƙyalewa. Nan ma haka ne, sai dai an yarda ka zo masa ta gaba da ƙarfinka. Manufar da doka ta sani ita ce faifan. Idan mai bangaza ya manta da faifan ya koma neman jikin mutum, ya bar abin da aka ba shi izini a kai, ko da alƙali bai gani ba.

To yaushe take zama laifi?

Idan wanda aka bangaje ba shi da faifan, ko ya riga ya miƙa shi har an sami tazara. Idan an ɗauko gudu daga nesa ko an daka tsalle ƙafafu suka bar ƙanƙara. Idan an sa gwiwar hannu, ko gwiwar ƙafa, ko an riƙe sanda da hannu biyu an doka wa mutum ita. Idan an wurga wanda ba ya iya kare kansa cikin katanga. Hukuncin ƙaramin laifi minti 2 ne a bencin horo, babba minti 5, kuma a wannan lokacin ƙungiyar mai laifi za ta yi wasa da ragin mutum ɗaya. Wanda ya wuce gona da iri ana korarsa daga wasan, daga baya kuma hukumar gasa ta duba hoton ta dakatar da shi ko ta ci shi tara. NHL ta kafa sashe na musamman don wannan aiki a 2011, Brendan Shanahan ne ya fara jagorantarsa.

Me ya sa ake ɗaukar bangaza ta baya da zafi fiye da sauran?

Saboda ita ce ke karya wuya. Ka ɗauki ɗan wasa yana fuskantar katanga, tsakaninsa da ita taki ɗaya ko biyu, ya ɗan sunkuya yana neman faifan a ƙafafunsa. Idan aka tura shi ta baya, ba zai sami damar ɗaga hannu ba, tsakiyar kansa ce za ta fara isa katanga. A wannan yanayin wuya a miƙe yake, nauyin jiki kuma na tahowa daga baya, sai ƙasusuwan wuya su matse su fashe, su taɓa laka. Ba sai an yi turin da ƙarfi ba. Hular kwano ba ta da abin da za ta yi a nan, domin ƙoƙon kai take karewa.

A ƙarshen Disamba 2011 aka tura Jack Jablonski, ɗalibin sakandare ɗan shekara 16 a jihar Minnesota, ta baya cikin katanga, jikinsa ya shanye. Makonni kaɗan bayan haka hukumar wasannin sakandare ta jihar ta tsananta hukuncin wannan laifi ba tare da jiran ƙarshen kaka ba. Tun kafin nan, a 1996, wani mai hidimar wasan yara a garin Windsor na lardin Ontario, Kevin Stubbington, ya fito da dabarar ɗinka jar alamar tsayawa irin ta kan titi a bayan rigar kowane yaro, sama da lambarsa. Alamar ta bazu a ƙungiyoyin yara na Kanada da wajenta. Abin da kociyoyi ke nanata wa yara ke nan: idan kana ganin lambar da ke bayan rigarsa, kada ka taɓa shi.

A ganina nan ne dukan maganar mutuntawa take. Alƙali yana busa usur ne bayan an yi ɓarnar. Mutum ɗaya ne kawai ke da ikon hana ta, shi ne wanda ke tahowa a baya, kuma lokacin da yake da shi na yanke shawara bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ba ya tsayawa ya yi tunani. Abin da aka saba masa da shi tun yana ƙarami shi jikinsa zai aikata.

Ai suna sanye da kayan kariya daga sama har ƙasa. Ba su isa ba?

Suna hana yanka, da karyewar haƙora da ƙashi, da fashewar kai. Kowanne daga cikinsu kuwa sai da wani ya ji jiki kafin a karɓe shi. Mai tsaron gida Jacques Plante na Montreal ya fara sa abin rufe fuska a kai a kai ne ranar 1 ga Nuwamba 1959, bayan faifai ya tsaga masa fuska ya ce ba zai koma fili ba sai da shi. Bill Masterton na ƙungiyar Minnesota ya faɗi ya bugu da ƙeya a kan ƙanƙara a Janairu 1968 ba hula a kansa, ya rasu bayan kwana biyu. Duk da haka sai 1979 NHL ta tilasta hular kwano, ita ma ga sababbin shiga kawai. Craig MacTavish ya ci gaba da wasa kai a buɗe har ya yi ritaya a 1997. Gilashin kare ido kuwa sai 2013 ya zama dole ga sababbi.

Amma ƙwaƙwalwa tana iyo ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya cak ko ya juya da ƙarfi, tana bugun ƙashi daga ciki, ko da wace irin hula aka sa. Ga kuma wata matsala: sulken kafaɗa da na gwiwar hannu da aka yi da roba mai tauri sun sa mai bangaza ya daina jin zafi a jikinsa, sai ya ƙara ƙarfi, sulken kuma ya zama makami a fuskar wani.

Yaushe aka hana bugun kai?

A makare. Shekaru da yawa, idan kafaɗa ka sa kuma ƙafafunka na ƙasa, ko da a haɓa ka sami mutum, halal ne a NHL, har a yi ta nuna hoton ana yabo. Scott Stevens na New Jersey ya yi suna da irin wannan. A 2000 ya shimfiɗe Eric Lindros, a jerin wasannin ƙarshe na cin kofin 2003 kuma ya bar Paul Kariya kwance a sume. Kariya ya dawo fili a wasan har ya ci, aka yi ta jinjina masa. Daga baya ya ce ba ya tuna komai na wannan wasan.

Abin da ya juya lamarin shi ne abin da ya sami Marc Savard na Boston a Maris 2010. Matt Cooke na Pittsburgh ya zo masa ta gefen da ba ya gani ya doke shi a kai, aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, kuma ba a hukunta Cooke ba domin ba dokar da ya karya. Daga nan aka kafa doka ta 48, wadda ta hana bugun mutum a kai ta gefen da ba ya gani. A farkon Janairu 2011 Sidney Crosby, fitaccen ɗan wasan duniya a lokacin, ya sha bugu a kai sau biyu cikin kwana biyar, bai sake buga wasa ba sai Nuwamba. A shekarar aka faɗaɗa dokar ta shafi bugun kai ta kowace fuska. Hukumar wasan ta duniya, IIHF, wadda ke kula da gasar duniya da ta Olamfik, ta daɗe da fin NHL tsanani a wannan batu.

Wasu na cewa laifin wanda ya sunkuyar da kai ne. Haka ne?

Gaskiya ne ana koya wa kowane yaro ya riƙa ɗaga kai, ya san wanda ke tahowa, kuma darasi ne mai kyau. Amma mayar da shi hujjar wanke mai duka zalunci ne. Wanda ya sunkuya kuskure ya yi na wasa, hukuncin kuskuren wasa kuwa shi ne a ƙwace masa faifan. Mai tahowa yana ganin komai, yana da zaɓin ya rage gudu, ko ya nufi ƙirji, ko ya sa sanda ya ɗauke faifan ya wuce. Nauyin yana kan wanda ke gani.

Daga shekara nawa ake barin yara su yi bangaza?

A yau, daga 13 a Amurka da Kanada. Hukumar hoki ta Amurka ta ɗaga shekarun a 2011, ta Kanada ta bi a 2013. Kafin nan 'yan shekara 11 da 12 na yi a mafi yawan lardunan Kanada, ban da Quebec da ta daɗe da hanawa. Wannan bambanci ne ya ba Carolyn Emery ta Jami'ar Calgary da abokan aikinta damar kwatanta yaran Alberta da na Quebec. Binciken, wanda mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2010, ya nuna cewa inda ake bangaza haɗarin rauni a wasa ya ninka kusan sau uku, haka ma na girgizar ƙwaƙwalwa. Da aka hana, aka sake aunawa, raunuka sun ragu da kusan rabi.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ajin 'yan shekara 12. Wani ya fara balaga ya yi tsawo ya yi faɗi, wani har yanzu ƙaramin yaro ne, kuma takardar haihuwa ta ce sa'o'in juna ne. Ko bayan shekara 13 ɗin, akwai rukunoni da yawa da ba a bangaza, haka ma yawancin gasannin manya na nishaɗi. Yaro na iya buga wasan nan har tsufa ba tare da ya shiga rukunin bangaza ba.

Idan yaro bai koya da wuri ba, ba zai fi jin ciwo daga baya ba?

Wannan ita ce hujjar da masu adawa suka fi kawowa, kuma an gwada ta. Masu binciken na Calgary sun bi yaran zuwa rukunin gaba, ba su ga cewa fara bangaza da wuri ya rage yawan rauni gaba ɗaya ko girgizar ƙwaƙwalwa ba. Hana bangaza a wasa kuma bai hana koyar da ita a atisaye ba. Tsarin Kanada mataki huɗu ne: tare hanya da matse abokin karawa zuwa gefe, sai ƙwace da sanda, sai gogayyar jiki, bangaza ce ta ƙarshe. Muhimmin darasi ma shi ne yadda ake karɓarta: ka manne da katanga maimakon tsayawa taki biyu daga gare ta, ka lanƙwasa gwiwa, kada ka juya baya a lokacin da mutum ya iso.

Mata fa?

A gasar duniya ta mata ta farko, a Ottawa a 1990, an yarda da bangaza, daga baya aka hana, kuma haka aka shiga Olamfik ta Nagano a 1998. Wannan bai sa wasan ya zama mai sanyi ba. Duk wanda ya kalli karawar Kanada da Amurka ya san ana gogayya sosai. Yanzu abin na sauyawa. Babbar gasar mata ta Suwidin ta buɗe ƙofar bangaza a 2022, gasar ƙwararru ta PWHL da ta fara a Janairu 2024 ita ma ta yarda da ita da sharuɗɗa.

Me ya sa alƙalai ke tsayawa suna kallo mutum biyu na dambe?

A NHL dambe laifi ne, amma hukuncinsa minti 5 ne kawai, sai a dawo. A Olamfik, da gasannin IIHF, da na jami'o'in Amurka, kora ce. Gasar matasa ta Quebec ita ma ta koma kora tun 2023. Masu kare al'adar na cewa tsoron dambe ne ke hana mugunta, wai wanda ya san za a tare shi ba zai taɓa tauraron wata ƙungiya ba. Ban yarda da wannan ba. An doki Savard da Kariya a zamanin da kusan kowace ƙungiya ke da ƙaton da aka ɗauka musamman don faɗa, kuma ana buga hoki mafi kyau a Olamfik ba tare da shi ba.

Sai a dubi su kansu ƙattin. A 2011, cikin wata huɗu, Derek Boogaard da Rick Rypien da Wade Belak suka mutu, dukansu sanannu a wannan aiki, babu wanda ya wuce shekara 35. Boogaard na da 28. Haɗa giya da maganin kashe zafi ne ya kashe shi, da masana a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwarsa suka sami cutar CTE, wadda ake dangantawa da yawan bugun kai. Sun same ta a ta Bob Probert ma, wani tsohon ɗan wasa da ya yi suna da dambe. Shugaban NHL Gary Bettman ya sha cewa ba a tabbatar da alaƙar cutar da wasan ba. A 2018 gasar ta sasanta da tsofaffin 'yan wasa sama da 300 da suka kai ta ƙara, a kan kusan dala miliyan 19, ba tare da amsa laifi ba.

Ramuwar gayya ba ita ce hanyar kare mutuncin ƙungiya ba?

Abin da ya faru a Vancouver ranar 8 ga Maris 2004 ya isa amsa. Makonni uku kafin nan Steve Moore na Colorado ya bangaje kyaftin ɗin Vancouver, Markus Naslund, ya ji masa ciwo a kai, alƙalai ba su ga laifi ba. A wasan ramuwar, Moore ya amsa tayin dambe tun a zangon farko. Bai wadatar ba. Can gaba Todd Bertuzzi na Vancouver ya bi shi ta baya, ya naushe shi a gefen kai, ya faɗa kansa. Ƙasusuwan wuyan Moore uku suka karye, bai sake buga wasa ba. Bertuzzi ya amsa laifin cin zarafi a kotu, ya kuma koma fili a 2005. Wannan shi ne inda al'adar "sai mun rama" ke kaiwa, kuma yara na kallo.

Wasan yana da wata al'adar da ta fi wannan. Idan aka gama jerin wasannin fitar da gwani, ƙungiyoyin biyu kan yi layi su gaisa hannu da hannu, komai zafin da aka sha. Tun 1925 kuma NHL ke ba da kofin Lady Byng ga ɗan wasan da ya haɗa ƙwarewa da ladabi.

Kaifin takalmin fa?

Haɗari ne na daban, ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru ba ya jira. A 1989 ƙarfen takalmi ya yanke wuyan mai tsaron gidan Buffalo, Clint Malarchuk, ya tsira da ƙyar. Ranar 28 ga Oktoba 2023 Adam Johnson na Nottingham Panthers bai tsira ba, a wani wasa a Sheffield ta Ingila, yana da shekara 29. Bayan rasuwarsa IIHF ta tilasta abin kare wuya a gasanninta, hukumar Amurka kuma ta tilasta shi ga 'yan ƙasa da 18 daga Agusta 2024.

Maganar mutuntawa ta tsaya a kan fili kaɗai?

A'a. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ya tashi a Yukiren da Toronto, yana da shekara 16 a ƙungiyar matasa ta Windsor a 2005 ya ƙi yarda a cusa shi tsirara da sauran sababbi a bayin mota, wai al'adar tarbar baƙi ce. A atisaye wani babba a ƙungiyar ya doke shi da sanda a baki ya zubar masa da haƙora. A 2019 ya fito ya ce kociya Bill Peters ya taɓa zaginsa da kalmar wariyar launin fata. Cikin kwanaki Peters ya ajiye aikin horar da Calgary. A 2020 Aliu da wasu suka kafa ƙungiyar yaƙi da wariya a wasan. Kafin shi akwai Rumun Ndur, haifaffen Zariya da ya tashi a Ontario, ɗan baya da ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta, shi ne haifaffen Najeriya na farko a NHL. Kafin su duka akwai Willie O'Ree, baƙar fata na farko a gasar a 1958, wanda ya yi wasa da ido ɗaya bayan faifai ya lalata masa na dama. Yaron da aka koya wa wulaƙanta na ƙasa da shi a ɗakin sauya kaya, da wuya ya sassauta wa baƙo a gindin katanga.

Ɗana ya bugu a kai amma ya ce lafiyarsa ƙalau. Me zan yi?

Ki fitar da shi, ko ka fitar da shi, ranar ba zai koma ba, ko kociya ya so ko bai so ba. Mafi yawan girgizar ƙwaƙwalwa ba ta zuwa da suma, kuma yara na ɓoyewa don kada a ce su ragwaye ne. A lura da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙin haske ko hayaniya, mantuwa, saurin fushi, da sauyin barci. Wasu alamomin sai bayan sa'o'i ko washegari suke fitowa. Idan akwai amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, ciwon wuya, mutuwar hannu ko ƙafa, farfaɗiya, ko barcin da ba ya tasuwa, asibiti za a nufa nan take. Idan ya faɗi yana kukan wuya, kada kowa ya ɗaga shi ko ya cire masa hula sai ma'aikatan lafiya sun iso.

Haɗarin da ya fi girma shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke. Shi ya kashe Rowan Stringer, 'yar shekara 17 mai wasan rugbi a Ottawa, a 2013, kuma da sunanta lardin Ontario ya yi doka a 2018 da ta tilasta wa ƙungiyoyin wasanni tsarin fitar da yaro da tsarin dawo da shi. Dawowa mataki-mataki ce, kowane mataki aƙalla sa'a 24: motsa jiki mai sauƙi, sai sulu a kan ƙanƙara shi kaɗai, sai atisaye ba gogayya, sai cikakken atisaye bayan likita ya sa hannu, sannan wasa. Idan alama ta dawo a kowane mataki, a koma na baya. Komawa aji cikakke kuma ita ke fara zuwa kafin komawa wasa.